Ajin Bayan Shagon Kafinta

Sau biyu Baba ya maimaita maganar, wai ko ba ta ji da kyau ba. Daga jibi ƙafarta ba za ta sake taka shagon kafintan nan ba, da gabansa da ɗakin da ke bayansa duka.

Malama tana durƙushe gefen kujerarsa, ko jakar littattafanta ba ta ajiye ba. Farin alli na nan a yatsunta. Ta rasa inda za ta sa idonta, sai ta tsura wa ƙafar tebur ido.

Sati uku ke nan da kawun Kafinta ya zo gidan nan da maganar aurenta. Baba ya karɓe shi da mutunci, ya saurare shi har ƙarshe, ya raka shi har bakin ƙofa, sannan ya ce masa a yi haƙuri. Bai faɗi dalili ba, kuma ba wanda ya isa ya tambaye shi. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da lissafi, goma a ciki yana hedimasta, kuma har yau ko a gida in ya yanke magana kamar an kaɗa ƙararrawar tashi ne.

"Baba," ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "saura kwana goma sha biyu yaran nan su shiga jarrabawa."

"Na sani, Uwata. Ai shi ya sa ban ce ki watsar da su ba."

Ya gyara zaman tabaraunsa ya yi mata bayani. Da safe Darakta ya zo, ɗan amininsa, mai makarantar nan mai hawa uku da ke bakin babban titi. Da kansa ya ce ya ba ta aji guda, da fanka da farin allo, ta kai yaranta can ta ƙarasa musu. Yaro mai hankali, in ji Baba, mai digiri biyu, wanda ya san darajar malami. Sai ya ƙara da cewa, kamar wani ƙaramin abu ne ya tuna, mahaifin Daraktan zai zo su zauna a kan maganar aurenta da ɗansa.

Ta ɗago kai ta dubi Umma, wadda ke tsaye a ƙofar kicin da tsumma a hannu. Umma ta girgiza mata kai kaɗan, alamar ba yanzu ba.

Malama ta sunkuyar da kai. Ba ta taɓa yi wa Baba musu ba tun da ta yi wayo. Ta roƙi alfarma ɗaya, a bar ta gobe ta je ta yi sallama da wurin.

Ya ce ai shi ya sa ya ce daga jibi.

* * *

Ɗakin da ke bayan shagon a da wurin ajiye katako ne. Shekara biyu da suka wuce, lokacin da take yawon neman inda za ta riƙa tara yaran unguwa bayan an tashi makaranta, Kafinta ya kwashe kayansa ya share ɗakin, ya buga mata benci shida da allo. Daga baya ya yanka mata alwatika manya da ƙanana, ya haɗa mata kamfas na katako mai tsawon hannu, wanda ake maƙala wa alli a zana da'ira a allo. Tsakanin ajin da shagon bangon falanki ne kawai. Duk ranar da za ta fara darasi, sai ta ji injin yanka ya yi shiru. Tun ba ta lura ba har ta lura, tun tana lura har ta fara jiran shirun.

Yara goma sha bakwai ne. Wasu daga makarantun da mutum ɗari ke cikin aji ɗaya suke, wasu kuma sun taɓa zama jarrabawar lissafi ya kayar da su.

Ranar ta shiga da fara'ar aro. Ta rubuta a allo: 5, 8, 11, 14. Ta ce a nemo mata lamba ta talatin a jerin.

Kafin ta juyo, yaron da suke kira Sarkin Surutu ya ɗaga hannu biyu. Casa'in da biyar, in ji shi, kuma in ba haka ba ne ya yarda a aske masa gira. Rabin ajin suka goyi bayansa. Tazarar uku-uku ce, uku sau talatin casa'in, a ƙara biyar.

Malama ta ce wani ya ari reza a shago. Aji ya kwashe da dariya.

Ta zana matakalar bene a gefen allo. Ta ce su ɗauka suna tsaye a kan mataki na farko. Taku nawa za su yi su kai na biyu? Ɗaya. Na uku fa? Biyu. To na talatin?

Can daga bencin ƙarshe wata murya ta ce, "Ashirin da tara."

'Yar Shiru ce. Yarinyar da ta fi kowa zuwa da wuri, ta fi kowa tsoron allo. Sau biyu tana zama jarrabawar nan, komai ta ci sai lissafi, kuma shi kaɗai ya tsare mata ƙofar makarantar koyon aikin jinya. Yayanta ya riga ya gaya mata wannan ne zama na ƙarshe.

Malama ta miƙa mata allin. Yarinyar ta taso tana jan ƙafa, ta rubuta uku sau ashirin da tara, tamanin da bakwai, ta ƙara biyar. Casa'in da biyu. Ta tsaya tana kallon amsar kamar wani ne ya rubuta. Sarkin Surutu ya dafe girarsa da hannu biyu ya ce a yi masa sassauci, maraya ne ta ɓangaren lissafi.

Suka wuce kan da'ira. Ta ɗauki kamfas ɗin katako ta zana, ta nuna musu yadda kusurwar da ke tsakiya take ninka wadda ke gefe. In ta tsakiya digiri ɗari da goma ce, ta gefe hamsin da biyar. Ta ba su uku su yi, tana zagayawa tana duba littattafansu, tana gyara wa wannan riƙon rula, tana ce wa wancan ya daina auna zane da ido. Ta ja darasin fiye da kullum. Da dai ta ga ba makawa, ta goge allo ta faɗa musu cewa daga gobe a makarantar Darakta za su riƙa haɗuwa.

Wasu suka yi murna da jin akwai fanka. 'Yar Shiru kuwa ta tambaya ko a can ma za a bar ta ta zauna a baya. Malama ta ce mata ko'ina take so.

Da suka watse, ta tsaya ita kaɗai tana tattara guntayen alli cikin gwangwani. Ta ji motsin Kafinta a bakin ƙofa, ba ta juya ba.

"Na ji," ya ce. "Falankin nan ba ya riƙe sirri."

Ya tsaya a waje kamar yadda ya saba, bai taɓa shigowa ajin ba in ita kaɗai ce. Garin katako ya yi masa fari a gashi da gira, fensir na maƙale a bayan kunnensa.

Ta yi niyyar ta yi masa bayani a tsanake. Ta ma tsara kalmomin tun a hanya. Amma tana buɗe baki hawaye suka riga ta.

"Ba ajin ne kawai ba. Mahaifin Darakta zai zo wurin Baba. In na shiga makarantar nan da yaran nan, kowa zai ce na amince. In na ƙi, yara goma sha bakwai za su shiga jarrabawa da rabin karatu. Ka gaya min yadda zan yi, don ni kaina ya kulle."

"Ki kai su."

"Haka za ka ce? Ko a jikinka?"

Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idanunsa sun kaɗa.

"Malama, sati uku ke nan ban iya buga ƙusa daidai ba. Ƙofa guda na ɓata. Amma yarinyar nan da ta ce ashirin da tara, ina jin ta. Wata shida tana ajin nan ban taɓa jin muryarta ba sai yau. Ba zan zama dalilin da za ta koma gida ba."

Ta zauna a bakin benci ta rufe fuska da mayafi. Ta ce abin da ya fi ci mata rai shi ne rashin sanin laifinsa. Ba ya shaye-shaye, ba ya rigima, unguwa duk ta shaide shi, ƙannensa huɗu a hannunsa suka yi karatu. Me ya yi wa Baba?

Sai ya gaya mata abin da bai taɓa gaya mata ba.

Shi ɗalibin Baba ne. Ba ɗalibi kawai ba, shi ne wanda Baba ke ba wa alli in zai je ofis. Yana aji huɗu na sakandare injin yanka ya cinye wa mahaifinsa yatsu uku, shago ya tsaya, gida ya tsaya. Ya ajiye jaka ya ɗauki zarto. Sau uku Baba ya tako har shagon nan da ƙafarsa. Ya ce zai tsaya masa, ya ce zai riƙa koya masa a gida, ya ce ko jarrabawar kawai ya zo ya zauna.

"Zuwansa na uku ya same ni da zafin kai. An kawo aiki na ɓata, mai aikin ya zage ni, babana na kwance. Na ce masa a gaban mutane, Malam ka rabu da ni, lissafinka ba zai ciyar da gidanmu ba." Ya share fuska da bayan hannu. "Ya dube ni, ya juya. Shekara goma sha ɗaya ke nan. In na gaishe shi yana amsawa, amma bai sake kallon idona ba."

Malama ta sauke mayafin tana kallonsa. Ta san Baba. Zai iya yafe wa wanda ya zage shi. Wanda ya zagi karatu kuwa, kuma ɗalibin da ya fi so, wannan wani ciwo ne daban.

Kafinta ya koma shago ya dawo da wani littafin rubutu mai kauri, bangonsa duk tabon gam. Ya ajiye a kan bencin da ke kusa da ƙofa ya ja baya. Ta buɗe. Duk aikin da ta taɓa bai wa ajin yana ciki, da kwanan wata, da rubutun fensir ƙanana masu tsabta. Inda ta yi zane a allo bai gani ba, ya zana nasa daga abin da ya ji ta faɗa. A shafin ƙarshe an maƙale takardar shiga jarrabawa, da hotonsa a kai.

Ya ce ya yi rajista tun wata huɗu da suka wuce. Ya so sai sakamako ya fito ya kai wa Baba da hannunsa, ya durƙusa ya ba shi haƙuri. Bai san lokaci zai ƙure masa haka ba.

"Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Kunya. Gemu-gemu da ni, in zauna benci ɗaya da Sarkin Surutu."

Ta yi dariya cikin kuka, dariyar ta sake komawa kuka. Ta roƙe shi ya bar ta ta nuna wa Baba littafin. Ya ce a'a, kada Baba ya ɗauka don aure ya yi, alhali tun kafin ya san zai iya buɗe baki ya ce yana son ta ya fara. Ta mayar masa da littafin, ta ɗauki kamfas ɗin katako da gwangwanin alli, ta fita ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya ba za ta iya tafiya ba.

* * *

Washegari ƙarfe uku suka hallara a ƙofar makarantar Darakta. Mai gadi ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Yaran suka shiga suna taka tayil a hankali kamar zai fashe.

Darakta ya tarbe su da kansa, cikin farar riga mai guga, yana ƙamshi. Mutum ne mai fara'a, kuma Malama ba ta taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Ya ce kafin a fara, malamin lissafin makarantarsa zai ɗan gwada yaran na rabin awa, don a san inda kowa yake. Ba ta ga aibu ba.

Bayan an gama aka kira ta ofis. Ya ja mata kujera, ya sa aka kawo mata ruwa mai sanyi, ya tura mata takarda. Sunaye goma sha ɗaya a sama, shida a ƙasa an ja musu layi. Na farko a cikin shidan 'Yar Shiru ce. Baƙon malami da baƙon aji sun firgita ta, ko rabin takardar ba ta cika ba.

Ya yi mata bayani da taushin murya. Duk yaron da aka gani yana shiga ƙofar nan, gari zai ce ɗan makarantarsa ne. Shekara shida ba a taɓa faɗuwa lissafi a nan ba, kuma da wannan sunan iyaye ke kawo 'ya'yansu. Sha ɗayan nan za su ci. Shidan kuwa, kwana goma ba za su gyara abin da shekara shida ta ɓata ba. Ta sallame su da daɗin baki, su sake shiri baɗi.

"Wasu ba su da baɗi," ta ce.

"Ki yi tunani da kai, ba da zuciya ba. Nan gaba kaɗan ke za ki riƙe min sashen lissafi gaba ɗaya. Dole ki koyi zaɓe."

Ta dubi takardar, ta dube shi. Ba mugunta ta gani a fuskarsa ba, shi har ga Allah gani yake taimakonta yake yi. Wannan ne ma ya fi ba ta tsoro.

Ta miƙe ta yi masa godiya a kan ruwan da ba ta sha ba. Ta koma aji ta ce kowa ya ɗauki jakarsa.

Sai da suka fito bakin titi, rana na dukansu, yara goma sha bakwai sun zuba mata ido, sannan ta tuna ba ta da inda za ta kai su. Shago an hana ta. Makarantarsu an kulle tun ƙarfe biyu. Sarkin Surutu ya ce ko ƙarƙashin bishiya ne su sun yarda. Ta tsaya tana juya kamfas a hannu. Gida ɗaya ne ya rage a garin nan da ta san ba a taɓa korar ɗalibi daga cikinsa ba.

Baba na zaune a baranda yana karanta jarida lokacin da ƙofar gidan ta buɗe, 'yarsa ta shigo, yara suka biyo ta a jere har tsakar gida ta cika. Ya sauke jaridar ya cire tabarau.

Ta durƙusa a gabansa. Ta ce ya hana ta shago, ba ta je ba. Ya ce ta je makarantar Darakta, ta je. Ta miƙa masa takardar mai layi, ta faɗi abin da aka ce mata, ba ƙari ba ragi.

Baba ya karanta sunayen shidan. Tsokar gefen fuskarsa ta motsa. Ya ce Darakta yaro ne, ƙila bai iya magana ba ne, kuma ba a kwaso masa jama'a gida ba shawara. Yana faɗa yana kallon littafin da 'Yar Shiru ta rungume a ƙirji. Can ya miƙa hannu ya ce ta kawo.

Ya buɗa shafi biyu, uku. Ya tsaya a kan wani zanen alwatika.

"Wa ya ce miki wannan gefen ne mafi tsawo? Ina kusurwar da ta miƙe tsaye take?"

Yarinyar ta nuna da yatsa.

"To gefen da ke kallonta fa?"

Ta dubi zanen, sannan ta dafe baki. Baba ya ce ai ta sani, tsoro ne kawai ya zauna mata a kan sanin. Ya juya ya ce wa Malama ta ba shi alli, ya duba hagu da dama bai ga abin rubutu ba, ya fara zane a kan simintin baranda, yara suka yi dafifi a kansa.

Umma ta leƙo ta ga tsohon hedimasta a tsugune, gwiwar da yake kuka da ita kullum ta lanƙwashe sarai. Ta ce wannan ba tsari ba ne, mutum da girmansa yana rubutu a ƙasa. Ta koma ciki da wayarta a hannu. Malama ta bi ta da kallo, Umma ta yi kamar ba ta gani ba.

Ba a yi rabin awa ba aka ji ƙarar kurar ɗaukar kaya a waje. Benci shida aka fara shigowa da su, sannan allo. Kafinta ne ya ɗauko allon a ka. Ya gaida Baba, Baba ya amsa yana kallon wani wuri. Ya jingina allon a bangon baranda, ya buga masa ƙafa biyu don kada ya zame, ya girgiza ya ga ya zauna. Aikinsa ya ƙare. Kowa ya zaci zai fita.

Bai fita ba. Ya tsaya a tsakar gida yana murza hularsa, gumi na bin wuyansa. Ya sa hannu a aljihu ya fito da takardar jarrabawar, ya zo ya durƙusa a gaban Baba, a gaban yaran duka.

"Malam, ni ma ɗalibi ne. Na yi rajista. Maganar da na faɗa maka a shago, tun ranar nake jin kunyarta. Ka yafe min. Ba don komai na zo ba, wuri nake roƙo a benci."

Baba ya mayar da tabarau ya karɓi takardar. Ya karanta ta daga sama har ƙasa, ya juya bayanta, ya sake juyowa. Ba mai motsi. Ko Sarkin Surutu ya kama bakinsa.

"Ka makara da shekara goma sha ɗaya," in ji Baba. Ya yi gyaran murya. "Zauna a baya."

Ya juya ya karɓi kamfas daga hannun Malama, ya juya shi yana duba yadda aka haɗa. Ya zana da'ira. Ya ɗiga ɗigo a waje da ita, ya ja layi daga ɗigon ya shafi gefen da'irar ya tsaya. Ya ce daga tsakiyar da'ira zuwa gefenta biyar ne, daga tsakiya zuwa ɗigon nan sha uku. A nemo tsawon layin da ya shafi gefen.

Yara suka duƙufa. Minti biyar, ba hannu ko ɗaya a sama. Malama ta san inda suka maƙale, akwai layin da ba a zana ba, kuma sai an gan shi da ido kafin a ja shi. Ta matse hannuwanta ta hana kanta magana.

Baba ya bi benci-benci da kallo har ya kai na ƙarshe. A karon farko ya dubi idon mutumin.

"Kai na baya. Taso."

Kafinta ya taso ya karɓi allin. Ya ja layi daga tsakiyar da'ira zuwa inda layin ya shafe ta, ya zana ɗan akwati a kusurwar. Ya ce nan a miƙe take, digiri casa'in, kamar ƙafar tebur da ƙasa. 'Yar Shiru ta ce "alwatika ce" da ƙarfi, ta kuma rufe baki don kunya. Ya rubuta sha uku sau sha uku, ɗari da sittin da tara. Ya rubuta biyar sau biyar.

Hon ɗin mota ya katse shi.

Ƙofar gida ta buɗe. Darakta ya shigo, fuskarsa ba fara'ar ɗazu, a gabansa kuma mahaifinsa ne, aminin Baba na shekara arba'in, yana dogara sanda. Dattijon ya tsaya ya dubi benci, ya dubi yara, ya dubi mai garin katako a gira riƙe da alli a barandar amininsa. Ya ce ya ji abin da ya faru, shi ya sa bai jira wata rana ba. Ya zo ne yau a tsayar da maganar auren 'ya'yansu kowa ya huta.

Malama ta ja baya ta tsaya jikin bango. Umma ta fito ta tsaya kusa da ita ta riƙe mata hannu. Kafinta ya sauke allin a hankali, ya miƙa wa Baba, ya fara ja da baya.

Baba bai karɓa ba. Ya dubi amininsa, ya dubi 'yarsa da hawaye ke zuba a fuskarta ba sauti, ya dubi allon da aka bar aiki a rabi.

"Ku shiga falo, ina zuwa," ya ce wa baƙin. Sannan ya juya ga Kafinta. "Wa ya ce ka ajiye? Ƙarasa."